Inji na ihu, mota na tafiyar hawainiya: wace irin giya ce wannan?

Direban Aziziyya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu gareji da duk wanda ya daɗe a kan sitiyari. Shekara shida ina jan motar maigidana, otomatik mai giya shida, na san halinta kamar yunwar cikina. Watan jiya ya sayar da ita ya ciro sabuwa dal a leda. A cikin Makka ba ni da abin cewa, sulɓi kamar kana kan katifa. Amma ranar Alhamis muka ɗauki hanyar Hada za mu Ɗa'if, mu biyar da kaya cike da but. Da hawan ya fara na danna totur, sai allurar inji ta haura wajen 4,500 ta kafe a nan, ƙara iri ɗaya kamar injin markaɗe, maleji kuma yana ta jan ƙafa. Har muka kai sama ban ji ta canza giya ko sau ɗaya ba. A manuwal in ka ji haka ka san kuloci ya ƙone. Hajiya daga baya har ta ce, "Malam, lafiya motar nan kuwa?" Na kai an duba, aka ce ƙalau take, wai haka irin giyarta, CVT, take yi. Don Allah gaskiya ne, ko sallamata kawai suka yi?

Ɗan Shara Mansur: Wa alaikumus salam. Barka da shigowa ƙungiyar masu jan roba. Mu mun daɗe a ciki.

Baba Mai Gareji: Wa alaikumus salam ɗana. Ba su yi maka ƙarya ba, kunnenka ne ya saba da wani kiɗan. Tsohuwar motarka tana da giyoyi na haƙori da gaske, shida, kuma tsakaninsu da inji akwai abin da muke kira kwambata. Ka ɗauko fanka biyu ka sa su fuskanci juna, ka kunna ɗaya, za ka ga ɗayar ta fara juyawa da iskar 'yar uwarta. Kwambata ke nan, sai dai mai ne a tsakani maimakon iska. Shi ya sa in ka saki birki take tafiya da kanta a hankali, shi ya sa kuma tashinta yake da taushi. In ka taka da ƙarfi sai ta ɗan yi shiru, ta sauke giya ɗaya ko biyu, sannan ka ji ta tunkuɗe ka a gadon baya. Wannan tunkuɗar ce jikinka yake jira a Hada bai samu ba.

Ita CVT ba ta da matakala. Fuli biyu ne a ciki da bel na ƙarfe a tsakaninsu. Kowane fuli faranti biyu ne masu tudu a tsakiya, in suka matse sai bel ɗin ya hau sama, in suka buɗe ya faɗa ciki. Wannan yana matsewa, wancan yana buɗewa. Saboda haka kwamfutar motar sai ta kai inji inda ya fi ƙarfi ta ajiye shi a nan, ta bar fulin suna ta sauya girma har mota ta kamo. Ƙarar ba ta canzawa domin injin bai canza gudu ba. Ba zamewa take yi ba.

Direban Aziziyya: Allah ya ƙara girma Baba. To amma wallahi ji nake kamar ba ta da ƙarfi. Tsohuwar tana cin hawan nan kamar ba komai.

Baba Mai Gareji: Injin tsohuwar nawa ne, na sabuwar nawa?

Direban Aziziyya: Tsohuwar 2.5, wannan 1.6.

Baba Mai Gareji: To ka ga ni. Ka sauka daga doki ka hau jaki, kana zargin sirdi. Makka ba ta fi mita 300 daga bakin teku ba, saman Hada ya kusa 2,000. Duk injin da ba shi da turbo yana rasa ƙarfi a can sama domin iska ta yi ƙaranci. Ga mutum biyar, ga kaya, ga AC a ƙure. Ko giyar zinari aka sa mata sai ta yi nishi.

Ɗalibi a Jidda: Baba ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Abin da mutane suke kira rashin ƙarfi sau da yawa rashin jituwar kunne da ido ne. Mun taso muna jin ƙara na hawa tare da gudu, ta faɗi, ta sake hawa. In ƙara ta riga gudu sai ƙwaƙwalwa ta ce akwai matsala. Kamfanoni sun gane haka, shi ya sa yawancin CVT na yanzu aka koya musu yin kamar suna canza giya in ka taka sosai. Giyar ƙarya ce, don a kwantar wa direba da hankali, alhali a lissafi barin injin a wuri ɗaya ya fi sauri. Kuma ba sabon abu ba ne, kamfanin DAF na Holan ya fitar da irinta tun 1958, lokacin da bel na roba ne da gaske. Toyota kuma daga 2018 ta sa wa CVT ɗin injinta na 2.0 giyar tashi ta haƙori, mota ta tashi da ita sannan ta miƙa wa bel. In ka ja Corolla mai wannan injin za ka ji bambancin tun daga danja.

Ɗan Shara Mansur: Ɗalibi ya zo da allonsa. Mu dai abin da muka sani shi ne in za ka wuce tirela a hanya mai hannu biyu, sai ka fara addu'a tun kafin ka leƙa.

Ɗalibi a Jidda: Yaya, ka gwada sa sandar giyar a S kafin ka fita, kar ka jira sai ka shiga hannun wasu sannan ka taka. Allura za ta riga ta hau, da ka taɓa za ta amsa.

Ɗan Shara Mansur: Na gwada. Ihun ne ya ƙaru.

Maman Hanan: Sallama gare ku. Ni da ma matsalata irin taku ce da na gode Allah. Tun da aka ba mu mata izinin tuƙi a Saudiyya a 2018 nake ja, motata ta biyu ke nan, kuma wannan DCT ce, mai kuloci biyu. A titin Haramain ban taɓa jan abin da ya kai ta daɗi ba. Giya na shiga tak, tak, tak, ba ka jin ƙarfin ya yanke ko kaɗan, kamar motar ta san abin da ke ranka. Amma ku zo ku gan ni da ƙarfe ɗaya na rana a ƙofar makarantar yara, layi ya miƙe, ana matsawa taku biyu a tsaya. Sai ta riƙa karkarwa kamar mai zazzaɓi, wani lokaci na saki birki ta yi jim kamar ba ta ji ba, sannan ta zabura. Ranar nan har rubutu ya fito a gabana wai giya ta yi zafi in tsaya. Na faka a gefe da yara uku a mota, rana na dukan mu. Mai gidana ya ce ƙafata ce. Baba, ƙafata ce?

Baba Mai Gareji: Hajiya, rabi ƙafarki, rabi halittarta. Wannan giyar a cikinta manuwal ce guda biyu aka haɗa a akwati ɗaya. Kuloci ɗaya na riƙe da ta ɗaya, ta uku, ta biyar, ɗayan na riƙe da ta biyu, ta huɗu, ta shida. Kina cikin ta uku ta huɗu ta riga ta shiga tana jira, shi ya sa kike jin tak ɗin nan. Amma ba ta da kwambata, ba mai a tsakani da zai shanye wahala. Duk lokacin da kike jan jiki a zahama, wato cunkoso, da ƙafa rabi a kan birki, daidai yake da direban manuwal da ya riƙe kuloci rabi. Faranti na goguwa, zafi na taruwa. In taki busasshiya ce, wadda kulocinta ba ya cikin mai, to iska kawai ke sanyaya shi, iskar Jidda kuwa a watan Yuli kin san ta.

Abin da za ki yi: in kin tsaya ki taka birki sosai, kar ki bar ta tana lallaɓawa. Ki bari na gabanki ya ba da tazarar mota guda, sannan ki saki gaba ɗaya ta shiga giya ta tafi. A kan tudu kuma kar ki riƙe ta da totur, birki ne aikinsa.

Maman Hanan: Baba ka taɓa barin tazarar mota guda a Jidda? Kafin in ƙifta ido mutum uku sun cusa hanci.

Ɗan Shara Mansur: Hajiya ta faɗi gaskiya wallahi. Tazara a nan gayyata ce.

Baba Mai Gareji: To ki zaɓa, ko su shiga gabanki ko ki shigo garejina.

Ɗalibi a Jidda: Anti, ki duba littafin motar ki ga ko busasshiya ce ko mai jiƙe. Bambancin babba ne. Ta farko da Volkswagen ta fitar a Golf R32 a 2003 mai jiƙe ce, kulocin yana wanka cikin mai. Daga baya aka yi busassun don ƙananan injuna saboda sun fi sauƙin kuɗi da shan mai. Su ne suka fi jawo surutu. A Amurka har kotu aka je da Ford kan irin wadda ta sa a Focus da Fiesta, kan wannan karkarwar da kike faɗa. Masu jiƙen sun fi haƙuri da cunkoso nesa ba kusa ba.

Maman Hanan: Na duba, busasshiya ce. Da na san wannan ƙungiyar kafin in biya.

Mai Tirela: Ina karanta ku daga wani masaukin hanya bayan na wuce Zalim, ina ta dariya. Ku duk 'yan gata ne. Ni shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa ta Jidda zuwa Riyad, kusan kilomita 950, kuma na fara da giyar hannu mai sha shida, gwiwar hagu har yau tana tuna mini in sanyi ya shigo. Wadda nake ja yanzu kuloci ɗaya ne da ita kamar manuwal, amma na'ura ce ke taka shi ta canza giya. Volvo ta fara fitar da tata tun 2001, yanzu kusan duk manyan motocin Turai haka suke zuwa. Da aka ba ni na raina ta, na ce ƙarfe ba zai san nauyin da ke bayana ba. Sai ga shi ta fi ni sani. Ta san hawa, ta san kaya, tana tsallake giya biyu in babu lodi. Abu ɗaya ne har yanzu ban yarda da ita ba, ribas zuwa bakin sito. A nan ina so in ji kuloci a tafin ƙafata, in matsa da faɗin yatsa. Ita sai ta yi shiru, ta yi shiru, sannan ta yunƙura.

Mai Kai Saƙo: Alhaji, irin taka ce a 'yar ƙaramar motar da nake kai abinci da ita, amma tawa ba ta da hankalin taka. Duk canjin giya sai kaina ya yi gaba ya dawo, kamar ina gaida mutanen hanya. Ranar farko miya ta zube a leda.

Mai Tirela: Ɗan ɗaga ƙafa daga totur daidai lokacin da ka ji za ta canza, kamar yadda za ka yi a manuwal. Sati ɗaya za ka kama lokacinta. Kai kana dannawa ita tana yankewa, dole ku yi karo.

Ɗalibi a Jidda: Wannan ita ce AMT, Suzuki na kiran tata AGS. Ita ce mafi arha a duk otomatik, kuma gyaranta kusan na manuwal ne.

Baba Mai Gareji: Kusan. Har sai na'urar da ke taka kulocin ta mutu, sannan ka zo mu yi lissafi.

Ɗan Mai Wurno: Salamu alaikum. Ni ɗan Sudan ne, Riyad nake aiki, kuma ina ganin duk kun manta da abu ɗaya: kwalta kuke magana. Ku sauka kan yashi ku gani. Maigidana mai son fita daji ne, da sanyi ya shigo kowace Juma'a muna Sumama. A yashi babu kamar tsohuwar otomatik mai kwambata, domin ƙarfi ba ya yankewa lokacin canji. Manuwal da ka taka kuloci a tsakiyar tudu mota ta nutse. Na sha ganin samari sun shigo da ƙananan jif masu CVT, su yi ta juya taya minti goma, sai motar ta rage ƙarfi da kanta ta ƙi tafiya. Mu ne masu jawo su da igiya.

Amma in za ka tura mota gida, maganar ta juye. A wajenmu boksi, wato a-kori-kura, mai giyar hannu ita ce sarauniya. Batir ya mutu, yara huɗu su tura ta tashi. Kuloci ya ƙare, kowane makanike a Sinnar zai canza maka a gindin bishiya. Kai wa mutumin ƙauye DCT ai ka kai masa rigima.

Ɗan Shara Mansur: Haka Kano ma. Wani ɗan uwana ya kai mai CVT, aka zuba mata man giya na gama-gari a bakin titi. Wata biyu ba ta yi ba.

Baba Mai Gareji: Yawwa, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ana ta cewa CVT ba ta da ƙarko. Wasu na farko-farko gaskiya ba su da shi, ba zan kare su ba, na sauke su da hannuna ba adadi. Amma cikin goma da ake kawo mini yanzu, yawanci abu biyu ne: an zuba man da ba nata ba, ko ba a taɓa canzawa ba. Bel ɗin ƙarfe ne a kan faranti na ƙarfe, man ne yake sa su kama juna ba tare da sun ci juna ba. Kowane kamfani da nasa, na Nissan daban, na Toyota daban, na Honda daban. Ka zuba na otomatik na gargajiya sai bel ya fara zamewa, ya karce fulin, shi ke nan sai tashlih, inda ake farfasa matattun motoci.

Abu Sultan: Baba da girmanka, amma a nan ban yarda ba. Ni an gaya mini man giyar motata na har abada ne, ba a taɓa shi. Kuma na sha jin wanda ya canza mai giyarsa ta lalace bayan sati. Ku masu gareji dai kuna son a riƙa zuwa.

Baba Mai Gareji: Abu Sultan, da ina son a riƙa zuwa ai sai in ce kar ka canza. Canjin mai riyal ɗari nawa ne, sauke giya dubu nawa? Ka buɗe littafin motarka, bayan jadawalin farko akwai na biyu, na aiki mai wahala: zafi mai tsanani, ƙura, yawan tsayawa a cunkoso, hawan dutse. Ka gaya mini wanne ne babu a ƙasar nan. Ni shawarata ga mai CVT a nan kar ya wuce kilomita 60,000, ra'ayina ne, ba aya ba ce. Wanda kuma ka ji ya canza ta mutu, tambaye shi a nawa ya canza. Sai ta kai 250,000 ta fara fizga sannan ya tuna da mai. Ta riga ta mutu, jana'iza ce ta zo daidai da canjin.

Abu Sultan: Tawa tana 190,000 ba a taɓa buɗewa ba, kuma lafiya lau.

Baba Mai Gareji: Allah ya ƙara mata lafiya. Ka ajiye lambata.

Mai Tasin Madina: Ku bar ni in shigo da tawa, don ina jin ana yi wa duk mai sunan CVT kuɗin goro. Ni haibrid, mai haɗa fetur da lantarki, nake ja tsakanin Madina da Makka, wajen kilomita 450, wani lokaci zuwa da dawowa a rana ɗaya. A takarda an rubuta e-CVT, amma babu bel a cikinta ko ɗaya, babu fuli, babu kuloci irin na Hajiya. Haƙora ne 'yan kaɗan da injinan lantarki biyu suke raba aiki da injin fetur. Tsarin da Toyota ta fara da shi a Prius tun 1997. Daga tsaye lantarki ke ɗaga ta, shiru, ba jira. A zahamar kusa da Harami lokacin Ramadan, inda kowa ke dafa giyarsa, ni injina ma a kashe yake rabin lokaci. In na taka sosai a hanyar Hijira, inda aka yarda da 140, ita ma tana wannan ihun na wuri ɗaya, ban ɓoye ba. Amma da fetur ɗin 91 a riyal 2.18, in na lissafa abin da ya rage mini a wata, ihun har daɗi yake mini.

Direban Aziziyya: Batirin fa a wannan zafin?

Mai Tasin Madina: Akwai 'yar taga a gefen kujerar baya inda fanka ke jan iska ta sanyaya shi. Kar a toshe ta da jaka, a riƙa share ƙurar. Alhazai sun fi son jingina ledar dabino daidai wurin, kullum sai na yi magana.

Ɗalibi a Jidda: Kuma kar a ɗauka ita ta gargajiyar tana nan yadda Baba ya san ta a da. Tun Oldsmobile ta 1940 ake gyara ta. Na yanzu da zarar mota ta ɗan tashi suke kulle kwambatar, inji ya haɗe da taya kai tsaye, shi ya sa ba su da wannan santsin na tsofaffi. Mai giya takwas ta kamfanin ZF da ke cikin BMW da Dodge Charger tana canji kusan da saurin DCT. Land Cruiser ta 2021 giya goma gare ta, Tahoe ma haka.

Ɗan Mai Wurno: Goman nan ni ta ishe ni. A cikin gari kamar mai neman takalminsa a ƙofar masallaci, ta shiga wannan ta fita ta shiga wancan. Ka ɗan taka ta tsaya shawara: ta sauke biyu ne ko huɗu? Mai shida ta fi sanin abin da take so.

Ɗalibi a Jidda: Amma a 120 injin yana ƙasa da 2,000, ba ka jin komai.

Ɗan Mai Wurno: Wannan gaskiya ne. Har barci take sa ni, shi ma wata matsalar ce.

Sabon Direba: Tunda ana maganar Hada, ni dabarata a gangara ita ce in sa N, wato firi, in bar ta ta gangara da kanta, mai ba ya tafiya.

Mai Tirela: Innalillahi. Yaro, wa ya koya maka?

Maman Hanan: Don Allah ka faɗa mana ranar da kake saukowa mu zauna a gida.

Baba Mai Gareji: Ɗana, ka bar wannan daga yau. Na farko, ba ka rage komai ba. Motar zamani in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa a gangara, kwamfuta yanke fetur take yi gaba ɗaya, taya ce ke juya inji. A N kuwa dole ta ba shi mai don kar ya mutu. Na biyu, ka ɗora wa birki duk nauyin motar tun daga sama har ƙasa, kwana bayan kwana. Birki in ya yi zafi sai ka ji wari, sannan feda ta yi laushi, sannan ka taka ka ji babu kowa a gida. Ka sa L ko 2, ko B in haibrid ce, ko ka ja ta gefen da ake sauke giya da hannu. Inji zai yi kuka, ka bar shi ya yi, aikinsa yake yi. Birki kuma ka taka da ƙarfi ka saki, kar ka kwantar da ƙafa a kai.

Mai Tirela: Mu ta hanyar Sail muke bi, ba Hada ba, kuma duk da haka da ritada, na'urar rage gudu ta manyan motoci, muke sauka, ba da birki ba. Na ga abin da gangara ke yi wa mutum, ba zan ba da labarin a nan ba.

Sabon Direba: Na tuba Baba. Wallahi wani ne ya ce mini haka ake yi.

Direban Aziziyya: To ni ma ga tambaya, CVT tana riƙe mota a gangara kuwa? Don da muke dawowa ji na yi kamar ta sake ni, tsohuwar tana ɗan ja da baya da kanta.

Baba Mai Gareji: A D ba ta riƙewa sosai, ta fi son ta sake don ta rage shan mai. Duba gefen sandar giyar, za ka ga L ko S. Ka sa tun kafin gangarar ta fara, kar ka jira sai ta ɗauki gudu.

Abu Sultan: Duk wannan dogon bayani, ni dai a ba ni mai shida ta gargajiya in huta. Ba ta son lallashi, ba ta son a koya mata tafiya.

Mai Tasin Madina: Nan da 'yan shekaru sai ka neme ta a Haraj, kasuwar tsofaffin motoci, sababbin ƙananan motoci da yawa sun koma CVT ko DCT.

Abu Sultan: To a Haraj ɗin zan tsufa.

Direban Aziziyya: Jama'a na dawo da rahoto. Jiya mun sake hawa, Hajiya za ta gaida 'yar uwarta a Shafa. Wannan karon ban danne totur har ƙasa ba, na riƙe allura wajen 3,500 na bar ta da sauran, na daina kallon allurar inji na koma kallon maleji. Ashe tafiya take yi, har na wuce motoci biyu a inda hanya ta buɗe. A dawowa na sa L tun daga inda birai suke zama a kan katanga. Ta riƙe kuwa, na sauko har ƙasa ban ji warin birki ba. Sai dai kukan da ta yi ya fi na hawa, Hajiya ta sake tambaya ko lafiya, na ce mata Baba ya ce a bar shi ya yi kuka. Ta ce wane Baba? Na rasa ta inda zan fara.

Amma ba zan ɓoye muku ba, har yanzu ƙafata tana jiran wannan tunkuɗar ta tsohuwar. In na taka sai in ji kamar na yi sallama ba a amsa ba.

Maman Hanan: Mu yi musaya na sati ɗaya, ka karɓi tawa. Za ta amsa maka har ka gaji.

Baba Mai Gareji: Yanzu tana kilomita nawa?

Direban Aziziyya: 3,200.

Baba Mai Gareji: Da sauranta. Ka ɗauki hoton shafin man giya a littafin ka turo mini, in ga wane iri suka rubuta, kafin wani ya zuba mata abin da ya ga dama.